Yadda ake gane gidan abincin unguwa mai nagarta

An tambaye ni game da irin gidajen cin abincin nan da suke ƙara yawa a cikin unguwanni, waɗanda ba su kai manyan gidajen alfarma tsada da ƙa'ida ba, kuma sun wuce wuraren da ake miƙa wa mutum abinci a ƙunshe ya kama gabansa. Mai tambayar ya ce an buɗe irin wannan kusa da inda yake zaune, teburansa ba su da yawa, babu mayafi a kansu, jerin abincin bai cika shafi guda ba, ana hango masu girki suna aiki, amma kuɗin ya fi abin da ya zata. Yana so ya san ko wurin ya cancanci kuɗinsa, da kuma yadda zai ci moriyarsa idan ya je.

Amsata a dunƙule ita ce, sassaucin da ka gani a wurin zama da gangan aka yi shi, kuma ba aibi ba ne matuƙar bai tsallaka zuwa kicin ba. Gidan abincin unguwa mai nagarta shi ne wanda ya sauƙaƙa wa baƙo komai, tun daga suturar da zai sa har yadda zai zauna, amma ya tsananta wa kansa a wajen cefane da girki da tsabta. Na daɗe ina aiki a bayan ƙofar kicin, na yi girki na kuma kula da masu girki, saboda haka abin da zan faɗa maka hanyoyi ne na gane ko wannan tsananin yana nan, alhali kana zaune a kujerarka ba ka leƙa ciki ba.

Sanin asalin salon zai taimaka maka ka fahimci abin da kake biya. Tsarin manyan kicin da duniya ta gada, inda kowane mai girki yake da sashensa, wannan miya, wancan gashi, wani kifi, wani kayan zaƙi, ana danganta shi ga Auguste Escoffier, Bafaranshen da ya karɓi ragamar kicin ɗin otal ɗin Savoy na Landan a 1890. Tsari ne mai kyau amma mai cin kuɗi, domin yana tafiya da tarin ma'aikata da mayafan tebur da ake wankewa a goge kullum da kayan cin abinci masu tsada, kuma duk wannan a kan mai ci yake ƙarewa. A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 wasu masu sana'ar suka ga ba dole ba ne abinci mai kyau ya zo da duk wannan ɗawainiya. Alice Waters ta buɗe Chez Panisse a Berkeley ta jihar Kalifoniya a 1971, da tsarin abinci guda ɗaya tak wanda yake canzawa kullum gwargwadon abin da aka samo mai kyau. Yves Camdeborde ya bar kicin ɗin otal ɗin Crillon na birnin Paris ya buɗe La Régalade a 1992 a wata unguwa ta kudancin birnin, inda ya riƙa yin girki irin na manya a ɗaki mai matsattsun tebura, a kan kuɗin da ma'aikaci zai iya biya. Kamfanin taya na Michelin, wanda tun 1900 yake fitar da jagorar matafiya, sai da ya ƙirƙiro wata lambar yabo ta daban a 1997, mai suna Bib Gourmand, domin gidajen da suke ba da abinci mai kyau a farashi madaidaici. Abin da waɗannan mutane suka yar shi ne ado da ƙa'idojin zama, ƙwarewar hannu kuwa suka riƙe ta gam. Wanda ya yar da duka biyun sannan ya riƙe farashin, shi ne wanda nake so ka iya ganewa.

Game da kuɗi, lissafin da masu sana'ar suke bi a ƙasashe da dama kusan ɗaya ne. Kayan cefane sukan ci kimanin kashi ɗaya cikin uku na abin da ka biya, albashi ya ci kwatankwacin haka, ragowar ta tafi ga haya da wuta da gas da haraji da gyaran firiji da farantan da suka fashe, ribar da take saura kuwa ba ta cika kai kashi 10 cikin 100 ba. Don haka idan ka lissafa kuɗin nama da kayan miyan da ke farantinka ka ga sun gaza abin da aka caje ka nesa ba kusa ba, ba lalle ne an cuce ka ba. Wannan ƙarancin riba yana da wani sakamako da ya shafe ka kai tsaye. Gidan abincin da ke bakin tasha ko wurin yawon buɗe ido zai iya rayuwa da baƙin da ba za su sake dawowa ba, amma na unguwa mutanen da suke zagaye da shi ƙididdigaggu ne, idan ya ɓata musu rai babu wasu da za su maye gurbinsu. Rayuwarsa tana hannun wanda ya zo yau ya dawo mako mai zuwa, shi ya sa ma'aunin da nake auna shi da shi shi ne tsayuwa a kan hali ɗaya, wato abin da ka ci ranar Talata ya zama shi ne za ka ci ranar Asabar.

Wurin da ya fi kowane tona asirin kicin shi ne takardar jerin abinci, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Gajeren jerin da ya ba ka mamaki alama ce mai kyau. Kowane abinci da aka rubuta a takardar nan yana da kayansa da dole a sayo, a wanke, a yanka, a adana, kuma kayan nan suna da kwanakin da ba sa wucewa. Ƙaramin kicin mai masu girki uku ko huɗu da firiji biyu zai iya riƙe abinci kala goma zuwa ashirin da kyau, yana sayen kaɗan yana ƙarar da shi yana sake saye. Idan kuwa ka ga irin wannan kicin ya jera kala sittin, na Italiya da na Sin da na Indiya da na Meziko duk a takarda ɗaya, to ka tambayi kanka inda kayan suke kwana. Amsar a mafi yawan lokaci ita ce firiza da gwangwani da miyar da aka sayo a haɗe. Daskarar da abinci ba laifi ba ne a karan kansa, kifin da aka daskarar a cikin jirgin ruwa jim kaɗan bayan kama shi yakan fi wanda ya kwana uku a kan ƙanƙara, amma ba domin a ɗumama maka abin da masana'anta ta dafa kake biyan wannan kuɗi ba.

Ka karanta jerin daga sama har ƙasa kafin ka zaɓa, ka lura da yadda kaya ɗaya yake fitowa a wurare daban-daban. Idan akwai gasasshiyar kaza, akwai kuma romon kaza a farkon jeri, akwai shinkafar da aka dafa da ruwan kaza, to mai gidan kaza sukutum yake saye yana feɗewa da kansa, ƙashi ya tafi romo, tsoka ta tafi gashi, babu abin da ya zube. Wannan hannun mai sanin sana'a ne, kuma yana nufin kazar tana ƙarewa da wuri ana kawo sabuwa. Haka nan irin waɗannan gidaje sukan fi ƙwarewa a kan sassan nama masu araha da tauri, kamar wuya da ƙauri da kafaɗa, waɗanda sai an dafa su awanni a kan wuta kaɗan kafin jijiyarsu ta narke ta ba miya kauri. A irin wannan girki ne gwaninta take fitowa, domin tsoka mai taushi mai tsada kusan kowa zai iya gasa ta. Idan ka nemi wani abu da dare aka ce maka ya ƙare, kada ranka ya ɓaci, domin kicin ɗin da abu yake ƙarewa a cikinsa shi ne wanda yake girka daidai buƙatar yini. Sai dai idan rabin jerin ne babu tun da yamma, wannan kam rashin tsari ne.

Akwai kuma abincin ranar, wanda akan rubuta a allo ko mai kawo abinci ya faɗa da baki. Iri biyu ne. Wani an yi shi ne domin an samo abu mai kyau da safe wanda ba kullum ake samu ba, wani kuma domin a ƙarar da abin da ya kusa wuce lokacinsa. Na biyun ma ba cuta ba ne idan kayan suna da lafiya, amma kana da haƙƙin sanin wanne ne a gabanka, kuma tambaya ɗaya ta isa: yaushe aka kawo kifin nan? Ma'aikacin gidan kirki zai ba ka amsa nan take ko ya je ya tambayo, na gidan da ba na kirki ba kuwa zai ce maka komai nasu sabo ne.

Tunda ka ce ana hango masu girki, to an ba ka dama babba. Yawancin aikin gidan abinci yana ƙarewa ne kafin a buɗe ƙofa. Tun da safe an ɗora romo, an yanka albasa, an tsince ganye, an raba nama gida-gida, an zuba kowane abu a mazubinsa an rufe an manna takarda mai ɗauke da sunansa da ranar da aka shirya shi. Lokacin da baƙi suka cika, mai girki haɗawa yake yi da ƙarasawa. Ka dube shi na minti biyu kawai. A kicin mai tsari za ka ga hannunsa yana kaiwa ga gishiri da mai ba tare da ya ɗaga ido ya nema ba, yana ɗora kasko ya juya ya share katakon yanka da tsumman da ke ninke a gefe, ya ɗebi miya da ƙaramin cokali ya ɗanɗana ya jefa cokalin a wurin wanki, sannan babbansu ya duba farantin ya goge ɗigon da ya zuba a bakinsa kafin ya fita. Ba ka jin ihu, sai gajerun kalmomi da amsawa. A kicin maras tsari kuwa za ka ga ana guje-guje ana buɗe firiji ana neman abu, tsumma ɗaya ya goge tebur ya goge hannu ya goge wuƙa, kuma hannun da ya taɓa ɗanyar kaza ya koma kan ganyen da za a ci ɗanye. Wannan na ƙarshe shi kaɗai ya isa ka fasa cin abinci a wurin.

Lokacin da abinci ya ɗauka kafin ya iso shi ma magana ce. Naman da aka dafa awanni tun da rana zai iya zuwa cikin minti biyar, kuma haka ya kamata. Amma cinyar kazar da aka ce a kan oda ake gasawa ba za ta nuna cikin minti biyar ba, idan ta zo haka to ɗumame ce. A wani ɓangaren kuma, idan ku huɗu ne kuka nemi abu huɗu, kicin yana jinkirta mai saurin nuna ne domin duka su fito tare da zafinsu, saboda haka jiran minti ashirin a cikakken gida ba sakaci ba ne.

Maganar tsabta ba ta son wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2015 cewa mutum miliyan 600 ne suke kamuwa da ciwo kowace shekara sanadiyyar gurɓataccen abinci, kuma 420,000 daga cikinsu suna mutuwa. Shawararta ga kowane mai girki ita ce a ajiye abinci mai sanyi a ƙasa da digiri 5 na ma'aunin Salshiyos, mai zafi a sama da digiri 60, a dafa har cikinsa ya kai digiri 70, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a fili, domin tsakanin waɗannan iyakoki ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri. Ma'anar wannan a teburinka ita ce mai zafi ya zo yana tururi, mai sanyi ya zo da sanyinsa, abin da ya zo da ɗumi-ɗumi kuwa a mayar da shi. A wasu wurare hukuma ta sauƙaƙa wa mutane: Los Angeles tun 1998 da New York tun 2010 suna sa gidajen abinci su liƙa sakamakon binciken tsabta a inda mai shigowa zai gani, a Ingila da Wales da Ireland ta Arewa kuma akwai maki daga 0 zuwa 5. Inda babu irin wannan, ka shiga banɗaki kafin ka ba da oda. Idan babu sabulu ko ruwa a wurin da aka san baƙo zai gani, da wuya a same su a inda ba ya gani. Idan kuma ka tafi gida da ragowar abinci, musamman shinkafa, ka sa ta a firiji da wuri, domin akwai ƙwayar cutar da dafuwa ba ta kashewa gaba ɗaya, wadda take farfaɗowa a shinkafar da aka bari a fili ta fitar da dafin da ɗumame ba ya kawarwa.

Dangane da abin da za ka nema a zuwan farko, ka zaɓi mai sauƙi, irin su gasasshiyar kaza ko kifi ko romo, domin abinci mai sauƙi ba shi da inda zai ɓoye aibinsa, yayin da miya mai nauyi da yaji da yawa suke iya rufe tsohon nama. Ka lura ko gishiri ya ratsa cikin abincin ko a sama kawai aka barbaɗa shi, ko fatar kazar ta yi ƙaras-ƙaras alhali cikinta bai bushe ba, ko akwai ɗan tsami da yake karya nauyin maiƙo. Ka tambayi mai kawo abinci abin da gidan ya fi ƙwarewa a kai, kuma ka ji ko zai iya bayyana maka yadda ake yin sa, domin a gidan kirki ana ba ma'aikata su ɗanɗana abin da suke sayarwa. Sannan, tunda ka ce sabon buɗewa ne, kada ka yanke masa hukunci a makonnin farko, lokacin da ma'aikata ba su saba da juna ba kuma mai gidan bai gane yawan abin da zai riƙa girkawa ba. Ka ba shi wata biyu ko uku. Ka je a tsakiyar mako lokacin da babu cunkoso, ka koma a daren da gidan ya cika maƙil, ka nemi abincin nan dai da ka ci a baya. Idan bai canza ba, ka sami wurin da ya cancanci kuɗinka. Wannan gwaji ya fi mini duk taurarin da ake bayarwa a intanet, inda mafi yawan masu rubutu sau ɗaya suka je, kuma ko dai murna ce ta kai su ga rubutun ko fushi.

Idan akwai abin da jikinka ba ya karɓa, ko wanda addininka ya hana, ka faɗa tun kafin ka ba da oda, kuma ka faɗe shi a sarari. Dokar Tarayyar Turai tun ƙarshen 2014 ta wajabta wa masu sayar da abinci su bayyana abubuwa 14 da aka san suna tayar da borin jiki, ciki har da gyaɗa da madara da ƙwai da kifi da alkama da riɗi, a Amurka kuma guda 9 ne bayan an ƙara riɗi a 2023. Abin lura shi ne takardar jeri ba ta faɗin duk abin da ke cikin tukunya. Girkin zamani da ya samo asali daga Turai yakan sa giya a miya, yakan yi amfani da kitsen alade ko romon ƙashinsa, kayan zaƙi kuma sukan ƙunshi sinadarin daskararwa da ake samu daga fata da ƙashin dabba. Maganar da ake yawan yi cewa wuta tana ƙone giyar gaba ɗaya ba daidai ba ce, domin alƙaluman Ma'aikatar Noma ta Amurka sun nuna kimanin kashi 40 cikin 100 yana saura bayan minti 15 ana dafawa, kuma ko bayan awa biyu da rabi akwai kusan kashi 5. Mai girkin kirki ba ya jin haushin irin wannan tambaya. Abin da yake wahalar da shi shi ne a nemi ya sauya fasalin abinci gaba ɗaya don sha'awa kawai a lokacin da oda ta yi masa yawa, tunda miyar da aka haɗa tun safe ba a iya tsame albasa daga cikinta.

Ƙorafin da na fi ji game da irin waɗannan gidaje shi ne hayaniya, kuma gaskiya ne. Da aka cire mayafan tebur da labule da darduma, an cire abubuwan da suke shanye sauti, sai ya riƙa dukan siminti da gilashi yana dawowa, kowa kuma ya ɗaga murya don a ji shi. Idan hira ce ta kai ka, ka je da wuri, ka nemi tebur a kusurwa nesa da kicin da lasifika.

Saura haƙƙin da gidan yake da shi a kanka. Idan ka sa an ajiye maka tebur sannan wani uzuri ya taso, ka buga waya ka sanar, domin a gida mai tebura goma, tebur ɗaya da ya kwana babu kowa kashi ɗaya ne cikin goma na wurin zamansa, kuma wataƙila an mayar da wasu saboda kai. Tukwici ya danganta da ƙasa: a Amurka ana sa ran kashi 15 zuwa 20 cikin 100 domin a kansa ma'aikata suka dogara, a Faransa kuɗin hidima yana cikin farashi, a Japan ba a bayarwa, don haka ka duba takardar kuɗi ko an riga an saka shi. Idan kuma abinci ya zo da matsala, ɗanye ne ko ya huce ko gishiri ya yi yawa, ka kira mai kawo abinci tun a loma ta farko ko ta biyu, ka faɗa masa a hankali, ba bayan ka share faranti ba. A lokacin ne ake iya gyarawa, kuma yadda suka karɓi maganar zai nuna maka halin masu gidan. Inda aka ɗauke farantin ba musu aka kawo wani, sannan wani ya dawo ya tambaye ka ko yanzu ya yi, ka ci gaba da zuwa ko da sun yi kuskure a ranar. Inda aka tsaya jayayya da kai a kan abin da ke gabanka, ka biya kuɗinka ka nemi wani wurin.